Gahawa a Gindin Sarkin Ingila

Duk Riyad, daga Suwaidi har Aziziya, babu direban da ya kai ni iya zaɓar wurin zama. Ku ɗaure mini ido ku sauke ni a tsakiyar sahara, in lashi yatsa in ɗaga sama, kafin ku gama sauke kaya na nuna muku inda iska ba ta kaiwa, inda inuwa za ta faɗo bayan La'asar, da inda kunama ba ta bi. Larabawan nan suna da al'adar da suke kira kashta, wato a loda darduma da gawayi da butar gahawa a mota a fita bayan gari a baje. Shekara goma sha huɗu ina yi wa gidan Abu Nasir wannan aiki, ban taɓa shimfiɗa darduma aka ce in ɗage ba. Sai da na je Ingila.

Tun da na dawo ba ni da sakat. Duk Juma'a in muka taru cin tuwo a ɗakin Malam Isiyaku mai tumatir a Aziziya, loma ɗaya zan kai baki wani ya ce, "Habu, yaya Ingila?" Na ba da labarin nan har sau tara, kowane karo dogayen benaye suna ƙara tsawo. Malam Isiyaku ya ce in rubuta shi sau ɗaya kafin in kai ga cewa Sarauniya ta zo tarbata a filin jirgi. To ga shi, kuma na rage gishirin gwargwadon iyawata.

Maigidana Abu Nasir tsoho ne da ya haura saba'in, ni kuwa Ammi nake ce masa, kamar yadda ake kiran babba a nan. An yi masa aikin gwiwa, likitoci suka ce ya guji zafin Riyad ya je inda zai sha iskar teku wata guda. Ɗansa Nasir shi ne kafil ɗina, wato sunansa ne a kan ikamata, takardar izinin zama, zamana a ƙasar yana hannunsa. Shi ya yanke cewa da ni za a tafi, don na san magungunan tsoho, na san yawan hel, ɗan kayan ƙanshin nan da yake so a gahawa, kuma ina da Turancin da na kwaso daga sakandare a Malumfashi.

Ana jibi tafiya Nasir ya kira ni falo. Mutum ne da ba ya dariya sai in an sa shi a takarda. Direban wani ɗan uwansu ya taɓa ɓacewa a Landan, abin ya jawo musu wahala, shi ya sa yake a tsorace.

Ya ce, "Isma, saurara, ya Habu. Can ba nan ba ne. In hukuma ta rubuta sunanka a takarda, ko ta laifin ajiye mota ce, ranar da muka dawo zan buga maka huruj niha'i."

Wato fita ba dawowa. Ni kuwa ginina a gida ya kai linta ya tsaya yana jirana, 'yan matana biyu suna makaranta. Na dafa ƙirji na ce, "Ya Nasir, ni da na ratsa Suwaidi da yamma shekara goma sha huɗu ko madubi ban karya ba?"

A filin jirgin Landan layinmu ya rabu da na masu jan fasfo. Da jami'in ya ga koren fasfona ya gyara zama, kamar wanda aka kawo wa abincin da ya daɗe yana jira. Me ya kawo ka? Wa kake yi wa aiki? Ana ba ka hutu? Kana da ɗakinka na kanka? Na ce a raina, shekara goma sha huɗu ba wanda ya tambaye ni ko ina hutawa sai wannan Bature, kuma shi ma ba shayi zai ba ni ba. Gaba kaɗan wata ta buɗe akwatina ta tarar da dabino, da ɗanyar gahawa, da turmin tagulla, da darduma biyu, da labulen tare iska da turakunsa. Ta ɗaga ƙullin yajina ta shinshina. Atishawa huɗu ta yi a jere, ta mayar da shi da hannu biyu cikin girmamawa, ta ce mu wuce.

Aka kawo motar haya. Na buɗe ƙofa da isa irin ta tsohon direba, na zauna, na miƙa hannu, ba sitiyari. Yana can ɗaya gefen yana kallona. Ammi ya yi dariya har ya riƙe gwiwar da aka yi wa aiki. Tafiyar awa uku zuwa garin bakin teku na yi ta ne ina karanta duk addu'ar da na sani, domin kowace mota da ta taho sai in ga kamar kaina za ta hau. Su kuma mutanen ba sa hon. In ka yi kuskure sai mutum ya ɗaga maka hannu ya yi murmushi, ka rasa ko gaisuwa ce ko zagi.

Gidan da aka kama mana siriri ne kamar an matse shi tsakanin maƙwabta, matakalarsa kamar tsani. Famfo biyu ne a wurin wanke hannu, ɗaya ruwan ƙanƙara, ɗaya ruwan fige kaza, kuma an hana su haɗuwa. Alwala ta zama gudun fanfalaki tsakanin hagu da dama. Bayan gida kuwa ba buta ba tiyo, sai da na yanke kan gorar lemo. Abincinsu na alfahari kifi ne da soyayyen dankali a takarda, a yayyafa masa wani ruwa mai tsami. Kifin ba laifi, amma an soya shi kamar ana jin tsoron ɓata masa rai. Na barbaɗa yaji, na ɗaga yanka na farko, sai wani farin tsuntsun teku mai girman zakara ya sauko ya fizge daga hannuna ya tafi. Wata tsohuwa a benci ta ce mini, "Yi haƙuri, haka suke." Ita ce ma take ba da haƙuri a madadinsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rana. Mu a Riyad gudunta muke yi kamar mai bin mu da sanda. Su kuwa da ta leƙo sai su tuɓe su kwanta a yashi jere-jere kamar ana shanyar kilishi. Ammi ya ce in juya keken guragunsa ya fuskanci gari.

Da na juya shi ne muka ga sarkin.

Mutum-mutumi ne, yana tsaye a kan wani dogon farin dutse a tsakiyar fili, inda hanyoyi suka haɗu. An yi masa fenti sosai, alkyabba ja da shuɗi da ruwan zinariya, ga hular sarauta a gefensa. A ƙasa zaki a kwance ta wannan gefen, ta wancan kuma doki mai ƙaho ɗaya a goshi, dabbar da ban taɓa gani ba ko a kasuwar dabbobi ta Aziziya. A kan sarkin kuwa wani farin tsuntsu ya tsaya yana abin da ya ga dama.

Ammi ya ce, "A'uzu billahi. Bauta masa suke yi?"

Na duba, ba mai rusunawa, ba mai ko kallonsa. Mutane na wucewa da askirim, 'yan bas suna jira a gabansa sun ba shi baya. Na ce, "Ya Ammi, in bauta ce to sun yi sakaci." Muka yi ta mamaki. A unguwar Murabba ta Riyad an bar fadar tsohon sarki da bangonta da ɗakunanta ana zuwa kallo, amma ba a sassaƙa mutum ba. A garinmu kuma sarki in ya wuce sai ya zauna a bakin maroƙa da sunan ƙofa, tsofaffi su riƙa cewa an haife ni zamanin wane. Su waɗannan sun tsayar da nasu a rana da ruwa ba ko laima.

Kwana huɗu Nasir ya yi da mu ya koma Landan kan harkokinsa, ya ce sai Asabar. Washegari da hantsi Ammi ya tashi da ƙorafi. Ya gaji da gahawar tukunyar lantarki, ya ce tana ɗanɗanon waya. Yana son ta gawayi, a waje, a kan darduma, kamar mutane.

"Nemo mana inda ba iska, ya Habu."

An zo fagena. Na sayo wani tiren gawayi da suke gasa nama a kai, na tura kekensa muka fita. Iskar garin nan ba ta da alƙibla, ta ko'ina take zuwa. Na lashi yatsa na ɗaga. Bakin ruwa, a'a. Gindin bango, a'a, warin kifi. Na zagaya na zagaya, sai ga shi: bayan dutsen sarki. Iska ta daki gaban dutsen ta rabu biyu, bayansa shiru kamar ɗaki. Ga ƙasa a share, ga rana tana dukan wurin daidai gwiwar tsoho, ga furanni an shuka kamar an san muna zuwa. Wallahi ko yanzu in aka tambaye ni zan ce duk Ingila babu wurin da ya kai shi.

Ammi ya ce, "A gindin gunki?"

Na ce, "Bayansa ne, ya Ammi. Shi ya ba mu baya, mu mun ba shi baya, ba ruwan kowa da kowa."

Na shimfiɗa darduma, na ɗaure igiyar labule a wani ƙarfe, na jingina tiren gawayi da dutsen don wuta ta kama da kyau. Na daka gahawa a turmi har da ɗan kiɗan da ake yi. Ƙanshin hel ya tashi. Ammi ya miƙe ƙafa ya lumshe ido ya ce yau ne ya iso Ingila. Masu wucewa suna ɗaukarmu hoto, ni kuwa ina ɗaga musu hannu, na ɗauka gwanintata suke yabawa.

Da na janye tiren don in ɗora buta, sai na ga hayaƙi ya zana baƙin tabo a jikin farin dutsen, kamar faɗin faranti. Ban damu ba. Mutumin da ke wanke mota uku kullum kafin karin kumallo ba zai tsorata da tabo ba. Na ɗauko soson ƙarfe da ruwan wanke taya daga jakata, na durƙusa, na ɗaga hannu.

Wata ƙara na ji a bayana kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wani dattijon Bature ne, siriri, da hular ulu da sanda, yana gudu iyakar gudun da shekarunsa suka bari. "Tsaya! Kada ka taɓa! Don Allah ajiye wannan abin!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gogewa zan yi."

Ya ce, "Gogewar ce nake tsoro!"

Da numfashinsa ya dawo ya ce sunansa Mista Harol, yana cikin wata ƙungiyar tsofaffi masu sa ido kan kayan tarihin garin. Ya ce wannan sarki da dutsensa da zakinsa suna cikin rajistar gwamnati ta abubuwan da doka ta kare. Ba a buga masa ƙusa, ba a sake masa fenti, ko wanka ba a yi masa sai da izini a rubuce. Tabon hayaƙi abu ne mai sauƙi, amma da soson nan ya taɓa dutsen da maganar ta zama ta kotu. Ya riga ya kira ofishin hukumar gari, wata jami'a tana zuwa ta rubuta rahoto.

Rahoto. Takarda. Suna. Nan take na ga ginina na Malumfashi tsaye a linta har abada, awaki suna kwana a ciki.

Ammi ya ce, "Me yake cewa?" Na fassara masa. Tsoho ya dubi Baturen sama da ƙasa ya ce, "Baƙo yana tsaye kana riƙe da buta? Zuba masa."

Mista Harol ya so ya ƙi, amma Bature ba ya iya ƙin abu in an yi masa murmushi. Ya zauna a gefen darduma yana naɗe ƙafafu kamar kujerar ninkewa. Na zuba masa a ɗan finjali. Ku da kuke nan Riyad kun san ƙa'ida: in ka ƙoshi sai ka girgiza finjalin, in ka miƙo shi haka kawai an ƙara maka ke nan. Shi bai sani ba. Ya shanye ya miƙo, na ƙara. Ya shanye ya miƙo da godiya, na ƙara. Na san ya kamata in gaya masa, amma na lura duk finjali ɗaya fuskarsa tana ƙara laushi, sai na bar al'ada ta yi aikinta.

A finjali na huɗu Ammi ya sa na tambaye shi yaƙi nawa wannan sarki ya ci da aka tsayar da shi nan.

Mista Harol ya ce, "A nan? Ko ɗaya. Wanka ya zo yi."

Na ɗauka Turancina ne ya gaza, na ce ya maimaita. Ya ce ai sarkin rashin lafiya ya yi, likitoci suka ce ya shiga ruwan teku. Aka kawo shi wannan gari, aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai ƙafafun amalanke, aka ja shi cikin ruwa, ya fito ya tsunduma, wai har da makaɗa suna yi masa kiɗa. Da manyan ƙasa suka ji sarki yana wanka a nan sai kowa ya taho, aka gina masaukai, ƙauyen masunta ya zama gari. Shi ne mutanen gari suka tsayar da shi don godiya, yau shekara ɗari biyu da 'yan kai.

Da na fassara, Ammi ya ce, "Wato shi ma likita ne ya turo shi, kamar ni." Ya ɗaga kai ya dubi bayan alkyabbar sarkin, karo na farko ba tare da ya yi ta'awwuzi ba. "Ya warke?"

Mista Harol ya ce, "Gaskiya, a'a."

Ammi ya ce, "Zuba masa."

A finjali na bakwai jami'ar ta iso, mace mai fara'a da rigar ruwa da allo a hannu. Ta ɗauki hoton tabon, ta ɗauki hoton soson ƙarfen kamar an kama bindiga. Ta ce tunda ba a goge ba, gargaɗi ne kawai a rubuce, amma dole a sa sunan wanda ya kunna wutar. Ta dube ni, ga gawayi a hannuna har gwiwar hannu. Ta ce, "Sunanka?"

Na buɗe baki, Ammi ya daki dardumar da sandarsa.

"Gaya mata ni ne."

Na ce da Larabci, "Ya Ammi, ai ta ga hannuna."

Ya ce, "Wa ya ce yana son gahawar gawayi? Wa ya ce a nemo inda ba iska? Kai hannu ne, ni ne kai. Fassara, kuma kada ka ƙara gishirinka."

Ban taɓa fassara magana daidai da daidai kamar ranar ba. Jami'ar ta dubi tsoho kusa da keken guragu da carbi, ta dube ni, ta dubi Mista Harol. Shi kuwa idonsa ya yi tar saboda gahawa, ya ce, "Haka ne, dattijon ne ya ba da umarni." Ta rubuta sunan Abu Nasir, ta ba shi takarda, ta karɓi dabino uku. Kafin Mista Harol ya tafi na koya masa girgiza finjali. Ya ce da na faɗa masa tun a na biyu da ya ji daɗi.

Ranar Juma'a na leƙa na ga masu wankin sarki. Mutum biyu ne da safar hannu da auduga da wani ɗan buroshi kamar na goge haƙorin jariri. Suna dangwalawa, su tsaya, su yi shawara, su rubuta. Tun hantsi har Azahar suna kan tabon da zan gama da shi kafin a ce kwabo. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Sama da su kuwa tsuntsun nan yana kan sarki yana aikinsa, ba wanda ya tambaye shi suna.

Asabar Nasir ya dawo. Takardar tana kan tebur, domin Ammi ya ƙi a ɓoye ta, ya ce shi bai taɓa samun wasiƙa daga gwamnatin Ingila ba. Ina kicin ina wanke finjalin da na riga na wanke sau biyu, ina jin su. Can Nasir ya kira ni. Na fito ina lissafin ko akwatina ɗaya zai ɗauke kayan shekara goma sha huɗu.

Ya ce, "Baba ya ce shi ya sa a kunna wuta a gindin gunkin mutane."

Na ce, "Haka takarda ta ce."

"Na bi ta wurin da na shigo gari. Na tsaya na duba." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Ba iska ko kaɗan. Ga rana, ga furanni. Duk garin babu wuri kamarsa."

Ƙirjina ya fara kumbura da kansa. Na ji maganar tana hawowa maƙogwarona, shekara goma sha huɗu na gwaninta suna neman hanyar fita. Ammi ya yi tari, ya zuba mini ido ta saman tabarau. Na haɗiye.

Nasir ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Kwantar da hankalinka, ya Habu, ikamarka tana nan. Tun da na ga wurin na san ba kai ka zaɓa ba. Wannan aikin mai tunani ne."